Ciwon Dasashi: Yadda Ake Gane Shi, Maganinsa da Rigakafinsa



Duk wanda ya tashi a kara ya san ba a sayen sa sai an buɗe bakinsa. Saniya haƙora 8 gare ta a gaba, duk a ƙasa, sama kuwa dasashi ne zalla. Da waɗannan haƙoran ake gane shekarunta, a san ko da sauran mora a jikinta. Ni tun ina ɗan yaro mahaifina ya koya min wannan. Amma shi da ya shekara 30 yana duba bakin shanu bai taɓa zuwa an duba nasa ba. Bai kai 55 ba haƙoransa na gaba guda 3 suka fita, ba tare da ko ɗaya ya yi rami ba. A gida muka ce tsufa ne. Sai da muka kai shi asibiti likita ta ce ciwon dasashi ne, kuma ya fi shekara 10 yana cin sa. Tun daga nan na shiga tambaya da karatu, abin da na samu shi ne na tattara a nan.

Mene ne ciwon dasashi?

Dasashi shi ne naman da ya rungume gindin haƙori. A ƙarƙashinsa akwai ƙashin muƙamuƙi, a ciki saiwar haƙori take, da wasu siraran zaruruwa da suka ɗaure saiwar da ƙashin. Babban mutum haƙora 32 gare shi idan sun cika, kuma kowanne da wannan ƙashin yake tsaye.

Kullum wani datti mai yauƙi, fari-fari, yana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi. Idan ka kankare gindin haƙorinka da farce da safe za ka gan shi. Yawancinsa ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, kuma ko ka wanke baki tas, cikin 'yan awoyi zai fara dawowa. Idan aka bar shi kwanaki, sinadaran cikin yawu sai su daskarar da shi ya zama kamar dutse, rawaya ko ruwan ƙasa ko baƙi. An fi ganinsa a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Da zarar ya daskare, to buroshi da asuwaki ba sa fitar da shi.

Ciwon hawa biyu ne. A hawa na farko dasashi ne kawai ke kumbura, ya yi ja, yana zubar da jini. Wannan yana warkewa sarai kamar ba a yi ba. A hawa na biyu dasashi yana sakin haƙori, sai wani ɗan aljihu ya buɗe a tsakaninsu, datti ya gangara ciki, ƙashi ya fara zaizayewa. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa. Abin da likita zai iya yi a nan shi ne ya tsayar da ɓarnar inda ta kai.

Ba ƙaramin abu ba ne a duniya. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane suna da mai tsananin, wato sama da mutum biliyan 1.

Alamomin da za ka gani

Abin da ya sa wannan ciwo ke yaudarar mutane shi ne yawanci ba ya zafi. Mu kuwa sai ciwo ya hana mu barci muke tunanin asibiti. Ga abin da za ka duba:

Jini idan kana goge baki ko asuwaki, ko idan ka gatsa rake ko goro ka ga ja a jiki. Wasu sukan tashi su ga jini a matashin kai.

Dasashi ya kumbura, ya yi laushi, yana ƙyalli. A yawancinmu dasashi mai lafiya yana da duhu-duhu ko baƙi-baƙi, wannan halitta ce. Abin dubawa shi ne ko yana da tauri, ya manne da haƙori, ba ya jini.

Warin baki da ba ya tafiya ko an goge, ko wani ɗanɗano mara daɗi a baki.

Haƙori ya ƙara tsawo. Haƙorin bai girma ba, dasashi ne ya janye ya bar saiwa a waje, shi ya sa za ka ji tsami idan ka sha ruwan sanyi.

Wushirya ta fito maka da girmanka, ko nama ya fara maƙalewa a inda da ba ya maƙalewa.

Mugunya tana fitowa idan ka danna dasashi, ko wani ƙurji yana fitowa yana fashewa yana dawowa.

Haƙori yana girgiɗi, ko ka ji haƙoranka ba sa haɗuwa yadda suka saba idan ka rufe baki.

Daga cikin waɗannan, jini shi ne na farkon zuwa, kuma shi aka fi rainawa. Da yawa za ka ji suna cewa ai buroshin ne ya yi tauri, sai su daina goge wurin. Ɗan uwa, da a ce duk sanda ka wanke hannu sai jini ya fito, wallahi ba za ka kwana ba ka nemi magani ba. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goge shi a hankali. Barin wurin kuma shi ke ƙara tara dattin da ya jawo jinin.

Abubuwan da ke ƙara masa ƙarfi

Datti shi ne tushe, amma akwai abubuwan da ke sa ya yi wa wani ɓarna fiye da wani.

Taba. Sigari da shisha da tabar da ake dannawa a leɓe duk suna cikin manyan masu jawo shi. Sigari tana matse jijiyoyin jinin dasashi, saboda haka mai shan ta zai iya kasancewa da ciwon sosai amma ba ya ganin jini. Ko an yi masa magani ma ba ya warkewa da wuri kamar wanda ba ya sha.

Ciwon suga. Suga idan bai daidaita ba yana raunana garkuwar jiki, dasashi ya lalace da sauri. Shi ma kumburin dasashi yana sa suga ya ƙi sauka. Idan ƙurji yana yawan fito maka a dasashi, ko haƙora sun fara girgiɗi kana ɗan shekara 40, ka je a auna maka suga. Mahaifina ma ta nan aka gano nasa.

Juna biyu. Canjin da jikin mace ke yi yana sa dasashi saurin kumbura da jini. Maganar da ake yi cewa kowace haihuwa sai ta tafi da haƙori ɗaya ba dole ba ce. Mai ciki za ta iya ganin likitan haƙori a wanke mata baki, ta dai gaya masa tana da ciki. Maigida, idan uwargida ta yi ƙorafin jini a baki, kar ka ce laulayi ne kawai.

Wasu magunguna. Amlodifin da nifedifin na hawan jini, da fenitoyin na farfaɗiya, suna iya sa dasashi ya yi kauri har ya fara hawa kan haƙora. Kar ka daina shan maganinka da kanka, ka koma wa likitan da ya rubuta maka ka nuna masa.

Bushewar baki. Yawu yana wanke baki. Masu shan ƙwayoyi irin su taramol, da masu barci baki buɗe, bakinsu yana bushewa datti ya samu wurin zama.

Rashin abinci mai kyau, musamman rashin bitamin C da ake samu a lemo da gwaiba da mangwaro da tumatir da tattasai. Haka kuma duk ciwon da ke karya garkuwar jiki, kamar ƙanjamau.

Gado. Akwai gidajen da haƙora ke zubewa da wuri. Idan haka gidanku yake, kai ne ya fi kamata ka kula.

Haƙorin Makka ko haƙorin roba da bai zauna daidai ba. Gefensa yana riƙe datti, sai dasashin wurin ya dinga kumbura.

Sai kuma yanayin sana'armu. Wanda ya ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari ko Mubi zai yi kwana 2 ko 3 a saman mota kafin ya sauka Oko-Oba ko Akinyele ko Lokpanta. Abincin hanya shayi ne mai suga da burodi da lemon kwalba, sai goro don kar barci ya ɗauke shi. Ba a maganar buroshi. Goro yana rina haƙori har mutum ya kasa bambance rini da daskararren datti. Ga tsire da balangu da kilishi, zaren nama ya shige tsakanin turame, a ɗauko tsinken tsintsiya ko ashana ko allura a yi ta sakace har jini ya fito. Yau da gobe wurin sai ya zama rami.

Magani

Idan jini ne kawai da ɗan kumburi, fara da gida. Ka goge baki sau 2 a rana da buroshi mai laushi, har da inda ke jinin, a hankali. Ka tsabtace tsakanin haƙora. Ka kuskure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya da gishiri rabin ƙaramin cokali. Yawanci cikin mako 1 zuwa 2 jinin zai ragu sosai ko ya tsaya. Idan ya wuce mako 2 bai tsaya ba, ko kana ganin daskararren datti, to sai asibiti.

Ga abin da ake yi a can, don wasu tsoron abin da ba su sani ba ne ke hana su zuwa. Likita zai duba bakin, ya sa wani siririn ƙarfe mai awo tsakanin haƙori da dasashi. Zurfin milimita 1 zuwa 3 lafiya ne. Daga 4 zuwa sama aljihu ya fara, 6 zuwa sama kuwa ciwo ya yi nisa. Wataƙila a ɗauki hoton haƙora a ga yawan ƙashin da ya rage. Sannan a yi wankin haƙori, abin da suke kira sikelin. Wata na'ura ce mai girgiza da fesa ruwa take farfasa dattin. Idan aljihun ya yi zurfi sai a yi allurar kashe zafi a kankare har jikin saiwa, wani lokaci sai an je sau 2 ko fiye. Wanda nasa ya yi tsanani ana iya yi masa ƙaramin aiki a ɗaga dasashin a wanke ƙarƙashinsa. Haƙorin da ƙashinsa ya ƙare gaba ɗaya sai dai a cire.

Akwai jita-jitar cewa wankin asibiti yana sa haƙori girgiɗi ko ya buɗe giɓi. Abin da ke faruwa shi ne dattin ne ya cike gurbin da ƙashi ya bari, ya riƙe haƙoran kamar siminti. Da aka cire shi sai ɓarnar da ke ɓoye ta fito fili. Tsamin da ake ji bayan wankin yakan lafa cikin kwanaki ko 'yan makonni.

Likita yakan rubuta ruwan kuskure baki na kulohezidin na ɗan lokaci, kamar mako 1 ko 2. Kar a mai da shi na kullum, yana rina haƙori da harshe. Su Flagyl da amoksisilin da muke saya a kemis da kanmu suna iya kwantar da kumburi na 'yan kwanaki, amma muddin dattin yana nan ciwon zai dawo, ga kuma ƙwayoyin cuta su saba da magani a banza. Idan zafi ya dame ka kafin ka isa asibiti, farasitamol ya isa. Kanumfari ma yana rage zafi, sai dai ba ya warkar da ciwon.

Abubuwan da ba a yi: kar a danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, tana ƙona naman. Kar a sa ruwan batir ko fetur ko man birki, na ga wanda ya yi, bakinsa ya saɓule. Kar a dirje haƙori da toka ko yashi ko gawayi. Masu yawo a tasha suna cewa za su ciro maka tsutsa daga haƙori, ka riƙe kuɗinka, babu wata tsutsa a cikin haƙori. Kar kuma ka ba wanda ba likita ba bakinka ya cire haƙori da ƙarfen da ba a dafa ba, ta nan ake ɗaukar ciwon hanta.

Ina za a je?

Mazauna Legas akwai sashen haƙori a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, unguwar da mutanenmu suke da yawa, da LASUTH a Ikeja. Ibadan akwai UCH. Akwai kuma asibitocin koyarwa na Ile-Ife da Benin da Inugu da Fatakwal, kuma manyan asibitocin jiha da yawa suna da ɗakin haƙori. Na gwamnati yawanci ya fi sauƙin kuɗi, sai dai a yi sammako saboda layi. Wanda Turanci ko Yarbanci ke ba shi wahala ya tafi da yaro ko ɗan uwa mai ji, kar kunya ta hana shi. Ka faɗa wa likita duk maganin da kake sha, da ko kana da suga ko hawan jini. Kuɗin wankin baki bai kama ƙafar kuɗin dasa haƙori ɗaya ba.

Alamomin da ba a jira da su

Idan fuska ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu da numfashi suna wahala, a tafi asibiti a ranar ko da dare ne. Irin wannan kumburin yana iya toshe maƙogwaro. Haka idan dasashi yana jini da kansa ba tsayawa, ga kasala da tabon jini a fata, a je a auna jini. Gyambon baki da ya wuce mako 2 bai warke ba shi ma a nuna wa likita, musamman mai taba.

Sai maganar yara, wadda ta shafi iyalanmu da ke gida Arewa. Akwai cutar da ake kira noma, mai cinye fuska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Da kumburin dasashi da gyambo da mugun warin baki take farawa, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci. Idan ba a yi magani ba yawancin yaran mutuwa suke, amma idan aka kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman don ita tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan Najeriya ta jagoranci neman hakan. Idan aka kira ka daga gida aka ce bakin yaro yana wari kuncinsa ya kumbura, kar ka ce a jira ka dawo, ka tura kuɗin mota a kai shi asibiti a ranar.

Rigakafi

A goge baki sau 2 a rana, minti 2 kowane lokaci. Na dare kafin kwanciya ya fi muhimmanci, domin yawu yana raguwa idan ana barci.

A yi amfani da buroshi mai laushi da makilin mai sinadarin fuloraid. A karkata bakin buroshin ya kalli inda haƙori ya haɗu da dasashi, a dinga juya shi a hankali, waje da ciki da saman turame. Dirza da ƙarfi kamar ana wanke tukunya yana janye dasashi. A goge harshe ma. Bayan an gama a tofar, ba sai an kuskure da ruwa mai yawa ba.

A canza buroshi duk wata 3, ko da zarar gashinsa ya baje. Kowa da nasa, har yara.

Asuwaki sunna ne kuma yana aiki, ko namu na Arewa ko na darbejiya ko pako da Yarbawa ke sayarwa. Sharaɗin shi ne a tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya har ta ciki, a yanke bakin da ya tsufa. Yawancinmu haƙoran gaba kawai muke gogewa muna hira, turame da bayan haƙora ba su san an yi ba. Wanda ya haɗa asuwaki lokacin alwala da buroshi safe da dare ya gama da kyau.

A tsabtace tsakanin haƙora sau ɗaya a rana da zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin tsakanin haƙora, ana samun su a manyan kemis. Idan tsinken sakace ne kawai a hannu, a yi a hankali, kar a cusa shi cikin nama.

Masu bin mota, buroshi da ƙaramin makilin ba su fi aljihun riga ba. Ledar ruwa ɗaya ta isa. Bayan goro ko shayi ko lemo a kuskure baki da ruwa.

A rage suga, a bar taba. Mai ciwon suga ya riƙe maganinsa.

A je a duba baki ko da sau ɗaya a shekara, ko ba abin da ke ciwo. Wanda aka taɓa yi wa maganin hawa na biyu, likita zai ce ya dinga dawowa duk wata 3 zuwa 6, kuma ya daure ya dinga zuwa, don ciwon yana dawowa idan aka sake.

Yara a fara goge musu tun haƙorin farko ya fito, da ɗan makilin kaɗan, babba ya dinga taya su har su kai shekara 7 ko 8.

Mahaifina yanzu haƙoran roba yake sawa a gaba. Sauran an samu an tsayar da su, kuma duk wata 6 ni nake raka shi. Naman da ya yi rayuwarsa yana fataucinsa sai an yanka masa ƙanana yake iya ci. Yau da dare idan ka goge baki ka duba abin da ka tofar. Idan ka ga ja, ka ba shi mako 2 na gogewa yadda aka faɗa a sama, in bai tsaya ba ka nemi likitan haƙori.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Amin.